Azurfa a Ƙasar Zinariya: Ziyarar Wata Maƙera a Vittin

Motarmu ta bar Kumasi bayan sallar asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi mun wuce Techiman. Daga Kintampo dogayen itatuwan kurmi suka fara ja da baya, kaɗanya da ɗorawa da kuka suka karɓe fili. A Buipe muka haye Baƙin Volta, a Yapei muka haye Farin Volta, mata na bin tagogin mota da soyayyen kifi. Tsakanin Kumasi da Tamale kusan kilomita 380 ne, kuma mutumin ƙasar Hausa, yana ƙara nausawa arewa yana ƙara jin kamar gida yake dosa: ga masallatai a bakin titi, ga tuwon zafi, ga masu gaisuwa da Hausa a kowane zango.

Zobe ne ya tayar da ni. A hannun wani ɗan kasuwar goro na gan shi a zangon Kumasi: faffaɗa, mara dutse, jikinsa duk sawun guduma, sai layi ɗaya tak na zanen Buzaye da ya ratsa gefensa. Bai yi kama da na Kasuwar Kurmi ba, bai kuma yi kama da na kanti da ake shigowa da su daga Dubai ba. Na tambayi inda aka ƙera shi, ya ce Vittin, a Tamale, wurin wani dattijo mutumin Agadas mai koyar da yara.

Abin da ya ja hankalina shi ne, Gana ƙasar zinariya ce. A 'yan shekarun nan ita ce kan gaba a Afirka wajen haƙo ta, kuma wanda ya taɓa ganin Asantehene, sarkin Asante, ranar biki ya san matsayinta a Kumasi. Sai dai arewa hukuncinta daban. Musulunci ya hana namiji sa zinariya, ya halatta masa zoben azurfa, domin hatimin Manzon Allah (SAW) ma na azurfa ne. Saboda haka a garin da galibin mutanensa Musulmi ne, maƙerin azurfa ba ya rasa ciniki ko da zinariya ta cika ƙasa.

Tamale gari ne na babura. Tsoho da yaro, hajiya da lulluɓinta da buhun masara a baya, kowa a kan nasa. Na shiga keke mai ƙafa uku daga tsakiyar gari, muka bi ta gaban babban asibitin koyarwa, muka wuce Kukuo, muka miƙe kudu maso gabas, ta ɓangaren da hanyoyin Yendi da Salaga ke fita. Nan Vittin take, unguwa ce da gari ya tarar: sabbin gidajen bulo da kwano, tsakankaninsu tsofaffin ɗakunan Dagomba masu jinka, da makarantar sakandare ta koyon fasaha, da masu walda jere a bakin hanya.

Wannan titi na Salaga ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Salaga ce ƙarshen hanyar Gwanja da fatake suka yi ƙarnoni suna bi daga Kano da Katsina da Sakkwato, watanni a kan jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi. Da Turawan Ingila suka mayar da hedikwatar arewa Tamale a 1907, sai zangonta ya bunƙasa. Tare da fataken nan azurfa ta riƙa yawo, kuma ba daga rami take fitowa ba, daga aljihu take fitowa. Liyari, kuɗin nan mai hoton Mariya Tareza da shekarar 1780 a jikinsa, nauyinsa giram 28, kuma kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa azurfa ce. Dalar Faransa ta faran biyar giram 25 ce. Sulallan azurfa da aka buga wa Afirka ta Yamma tun 1913 su ma da yawa a wuta suka ƙare, har aka sauya ƙarfensu a 1920. Munduwar kakarka, in ta azurfa ce, kuɗin wani sarki ne aka narka.

Sautin guduma ne ya nuna mini gidan. Rumfar kwano ce a jikin katanga, ƙasa an share ta fes an shimfiɗa fatar saniya. Dattijon na zaune a ƙasa, rawani ya rufe masa haɓa, uwar maƙera 'yar ƙarama a kafe cikin gungumen itace tsakanin ƙafafunsa. Yara huɗu na kewaye da shi, maza uku da mace ɗaya. Na yi sallama, na tsuguna.

"Baba, barka da aiki. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Daga ina da wannan Hausa? Ta Kano ce."

Aka ba ni tabarma, aka ɗora shayi a kan gawayin da ake narka azurfa da shi. Yaran "Masta" suke ce masa, yadda almajiran sana'a ke yi a Gana, shi kuma da Hausa yake ba su umarni, in abu ya cije ya haɗa da 'yar Dagbancin da ya tsinta.

Tarihinsa bai tsawaita ba, sai da na riƙa jan sa. A Agadas aka haife shi, a gidan inadan, maƙeran Buzaye, inda maza ke aikin ƙarfe da itace, mata ke aikin fata. Da zugazugi ya fara a gaban mahaifinsa, ya shekara yana hura wuta kafin a bar shi ya taɓa magagari. Yana yaro aka yi farin 1973, yana saurayi aka yi na 1984. Dabbobi suka ƙare, manyan gidajen da maƙera ke yi wa aiki suka talauce, matan da ake ƙera wa kayan ado suka koma sayar da na wuyansu. A daidai lokacin ne Turawa suka fara kwararowa Agadas, 'yan yawon buɗe ido da masu tseren motocin Faris zuwa Dakar. Mai saye ya sauya, dole aiki ya sauya. Tanaghilt, abin wuyan da duniya ta sani da kuros ɗin Agadas, aka jera shi da 'yan uwansa na Iferwan da Timiya da Ingal da Tawa da Damagaram da Bilma har guda 21 a kan allo ɗaya. Aka fara ƙera cokula da mabuɗin kwalba da 'yan kunne marasa nauyi waɗanda kunnen Baturiya zai iya ɗauka.

Wasu daga cikin maƙeran garin sun yi nisa ta wannan hanya. A shekarun 1990 kamfanin Hermès na Faransa ya riƙa sa aikin maƙeran Agadas a jikin bel da jakunkunansa. A 2006 aka buɗe babban baje kolin fasahar Buzaye a Amurka, wanda ya zaga jami'ar Stanford da Los Anjalas da gidan tarihin Smithsonian, kuma aikin Saidi Oumba, maƙerin Agadas, da na matarsa Andi mai aikin fata, na cikin ƙashin bayansa. Iyalan Koumama kuwa har yau kayansu na shiga kasuwannin Amurka da Turai. Amma tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 sun datse baƙi. Ko da UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, masu zuwa kallonsa sun riga sun ɗauke ƙafa. Baba ya naɗe kayan aikinsa a buhu, ya taɓa Yamai, ya taɓa Wagadugu, ya taɓa Akara, sannan ya yada zango a Tamale, inda ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suke da yawa, ga kuma masu wucewa gandun dajin Mole da masallacin Larabanga. Tsadar haya a cikin gari ce ta turo shi Vittin.

Na ci sa'a ranar zubi ce. Tun kwanaki ya murza kakin zuma ya fitar da siffar abin wuya, ya lulluɓe ta da yumɓu da aka cuɗa da kashin jaki, ya bar 'yar kafa a sama, ya shanya. Yanzu ya kifa ƙullin yumɓun a kan garwashi, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a ciki. Ƙaramin yaron ya kama zugazugi. A cikin ɗan kasko gutsattsarin azurfa suka yi ja, suka lanƙwashe, sannan nan take suka haɗe suka zama ƙwallo guda mai rawa da sheƙi. Azurfa zalla sai zafi ya kai digiri 962 take narkewa, amma Baba ba shi da ma'aunin zafi, launin wuta yake kallo. Ya yi bisimilla, ya ɗauki kaskon da awartaki, ya tsiyaya cikin kafar a numfashi ɗaya. Da ya huce ya tsoma a ruwa, ya ƙwanƙwasa da guduma, yumɓun ya tarwatse. Abin da ya fito baƙi ne, mai kaushi, ba wanda zai tsinta a hanya. Sauran aikin na magagari ne da ƙaramin kurfi da ya wasa daga tsohon sukuddireba. Tun da an fasa yumɓun, ba za a sake samun irin wannan sak ba, ko shi ya so.

A kan wani baƙin ƙyalle ya baza mini aikinsa na da da na yanzu. Na da cike yake da zane: ɗigo-ɗigo, da'ira, kusurwa uku, ba a bar ko gurbin ƙwayar gero ba. Na yanzu fili ya fi zane yawa. Ga munduwa sumul wadda aka tsaga tsakiyarta aka dasa baƙin itace. Ga zobe mai dagi guda ɗaya ƙarami, na alhazan zango. Ga maɓallan hannun riga waɗanda ya yi wa layi-layi irin na saƙar batakari, rigar da mutanen arewacin Gana ke alfahari da ita. Ga 'yan kunne da ya ɗauko saman tanaghilt kawai ya bar sauran.

"Baba, wanne ya fi wuya?"

"Mara zanen. In hannu ya kuskure a mai zane, sai ka ƙara ɗigo ka rufe. Wannan kuwa ina za ka ɓoye?"

Ya ce masu saye kashi uku ne yanzu, kowa da abin da yake so. Baƙo yana son labari, a ce masa ga ma'anar wannan layi. Ma'aikaciyar banki 'yar Tamale tana son abin da za ta sa ofis ba a ce ta taho biki ba. Mutumin zango kuwa nauyi yake tambaya, don a wurinsa zobe ajiya ne. Gab da bikin Damba, a watan Mauludi, sai kuma aikin dawaki ya shigo: adon linzami, layun goshi, kuben wuƙa. Shi dai abin da ya lura da shi, duk sabon zanen da ya karɓu, in ka duba da kyau tsohon ne aka rage wa kaya.

Amma sauyin da ya fi girma a rumfar nan yaran ne. A Agadas ƙira gado ce, ɗan maƙeri ke ƙira, 'yar maƙeri yake aura. A wurin Dagomba ma haka take. A Kano ma mun san maƙeran baƙi da maƙeran fari, kowa da gidansa, kowa da asirinsa. Cikin yaran Baba babu jininsa ko ɗaya. 'Ya'yansa maza, ɗaya direba ne, ɗaya yana gyaran waya. Biyu daga almajiran Dagomba ne 'yan unguwa, ɗaya ɗan zango ne jikan majema, sai yarinyar, wadda ta gama sakandaren fasaha. Iyayensu ne suka kawo su da goro da ɗan abin sallama, bisa al'adar koyon sana'a a Gana, a kan za su yi shekara uku a yaye su.

Na tambaye shi ko 'yan uwansa ba su yi masa surutu ba, musamman kan mace. Ya yi dariya ya ce sun yi, har waya aka bugo masa daga gida. Ya ce musu asirin da ba mai karɓa, kabari za a kai shi, kuma bai ga amfanin da zai yi wa kowa a can ba.

Koyarwarsa tana da tsari ko da ba a rubuce take ba. Wata shida na farko wuta da shara. Bayan nan jan waya: a fiƙe bakin sandar ƙarfe, a zura a farantin ƙarfe mai huji-huji, a ja da awartaki, daga babban huji zuwa ƙarami. Duk bayan 'yan ja sai a mayar da ita wuta ta yi ja-ja a tsoma a ruwa, domin ƙarfen da aka daka ko aka ja taurare yake yi, in ba a lallashe shi da wuta ba ya tsage. Da jan ƙarfe da tagulla ake wannan duka. Almajiri ba ya taɓa azurfa sai ya haɗa zoben tagulla da sinadari, Baba ya rufe ido ya shafa da yatsa bai ji mahaɗin ba.

Ranar da aka ba ka azurfa kuwa, da sikeli ake ba ka. Na ga yadda ake yi da yamma. Yarinyar ta karɓi giram 20 da safe. Da za a tashi ta ɗora zoben da ta gama, da guntayen da ta yanke, sannan ta ɗauko gashin kaza ta share garin da magagari ya zubar a kan fatar, ta tattara a takarda ta ɗora. Sikeli ya nuna 19.6. Baba ya dube ta ta saman tabarau.

"'Yata, ina sauran?"

Ta duba ƙarƙashin farcenta, ta karkaɗe haƙoran magagari da burushi, aka samu wani abu. Garin nan ba a zubarwa. Akwai kwalba ga kowane almajiri, kuma abin da ya taru a ciki nasa ne, in ya kai a narka masa.

Wannan tsanani yana da dalili. A Oktoban 2025 farashin oza ɗaya ta azurfa, wato giram 31.1, ya haura dalar Amurka 50 a kasuwar duniya, kuma masana'antun farantan sola da kayan lantarki na cikin masu wawashe ta. Liyari ya zama kayan tarihi, yanzu ƙwayoyin azurfa ake saye daga dillalai, ko tsofaffin kayan da mata ke kawowa. Tsada kuwa ita ke buɗe ƙofar algus. Azurfar da aka sani da 925, cikin kashi 1,000 kashi 75 ne kawai jan ƙarfe, don ta yi ƙwari. Amma hatimin da ke buga lambar nan a kasuwa ake sayar da shi, kowa na iya dannawa a jikin abin da ya ga dama. Akwai farin ƙarfen da ake haɗawa daga jan ƙarfe da nikel da tutiya, yana ƙyalli kamar gaske, alhali babu ɗigon azurfa a cikinsa. Baba yakan goga abu a baƙin dutse ya ɗiga ruwan gwaji, ko ya sake shi a kan uwar maƙera ya saurari kukansa. A Ingila tun 1300 doka ta hana sayar da kayan azurfa sai an gwada an buga musu alama, kuma a 1478 aka fara kai su wani zaure a Landan don haka. A rumfar Vittin abin da ke tsaye a madadin wannan duka shi ne sunan mai rumfar. Shi ya sa yake cewa zane ana koyonsa a shekara, amana kuwa sai an ga mutum da garin azurfa a farce.

Yarinyar ce mai kawo duniya cikin rumfar, ta wayarta. Takan je cibiyar fasahar zamani da Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, ya buɗe a 2019, ta ga yadda ake baje aiki a ɗaki mai fili. Ta nuna mini hotunan da ta tara. Ga aikin Georg Jensen, wanda ya buɗe shagonsa a Kopenhagen a 1904, ya riƙa barin sawun guduma a jikin azurfa. Ga na Gerald Benney na Ingila, wanda ya rasu a 2008, maƙeri kuma malami, farfesa a Kwalejin Fasaha ta Sarauta a Landan daga 1974 zuwa 1983. Gudumar da bakinta ya lalace ce ta bar masa wani kaushi a jikin kofi, ya ga ya yi kyau kuma yana ɓoye sawun yatsa, sai ya mayar da shi tambarin aikinsa. Wadda ta fi ɗauke mata hankali ita ce Ndidi Ekubia, haifaffiyar Manchesta 'yar asalin Nijeriya, wadda ke ɗaukar faifan azurfa shimfiɗaɗɗe ta yi ta bugu har ya tashi ya zama kwano ko tulu mai jiki kamar igiyar ruwa.

Baba ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Bai kushe ba. Ya ce wannan mata ta san wuta, don ba a tayar da faifai haka sai an mayar da shi garwashi sau da yawa. Sannan ya ce abin da bai iya ba ke nan: su mutanen zubi ne da sassaƙa, tayar da kwano aikin Nufawan Bida ne, kuma da yana da sauran ƙuruciya da ya je ya zauna gabansu. Ban cika jin dattijon mai sana'a ya faɗi iyakar saninsa a gaban almajiransa ba.

Nan na ga gibin da ke tsakanin rumfa da makaranta. A jami'ar KNUST ta Kumasi ana koyar da zayyanar kayan ƙarfe da na ado, ɗalibi ya iya zana abu a takarda da kwamfuta, ya san lissafin gauraya. A nan Vittin akwai hannun da ya shekara hamsin yana aiki, ba takardar shaida. Yarinyar nan ta tsaya ƙafa ɗaya nan ɗaya can, tana zana wa Baba a littafi, shi kuma yana gaya mata inda zanen zai karye in an zuba. Da makarantun fasaha na Tamale, ko na Kano da Maraɗi, za su riƙa gayyatar irinsa su zauna da ɗalibai ko yini guda a mako, a kuma samar da wurin gwajin azurfa mai hatimin da ba a saye a kasuwa, da maƙeran fari sun daina sayar da aikinsu a farashin nauyi kawai.

Kafin in nemi keken komawa gari na tarar da su suna gardama. Ita tana son ta gwada tayar da ƙaramin kwano irin na Ndidi, kuma a lissafinta tana buƙatar giram 150. Baba ya ce ba zai ba ta ko giram ɗaya daga jarinsa ba, ta fara da jan ƙarfe, in ta tayar da uku ba tsaga, ta narka abin da ke kwalbarta. Ta ɗaga kwalbar ta girgiza, ta ce kafin Damba mai zuwa zai kai. Baba ya ce ta ƙara Damba biyu a kai, sannan ya tura ƙaramin yaron ya je ya tambayo masu walda nawa suke sayar da faifan jan ƙarfe.